Kifin Arulappan da Ruwan Rijiyata

Litinin, 8 ga Mayu
Rubuta, Jansi, kada ki rage komai don ke surukata ce. Kifin da ɗana Arulappan ya zuba a kejin raga cikin teku ya daina cin abinci. Sai goga jiki yake da raga, idanu sun yi fari. Dama na faɗa. Ubansa Susai kama kifi yake yi, bai taɓa renon kifi kamar akuya ba.

Laraba, 10 ga Mayu
Ya kawo min guda a bokiti. Wasu 'yan ƙwari ne manne a fata, sai ka matsa ido. Wai kwarkwatar kifi. Malamar ofishin kifi ta ce a tsoma su cikin ruwan daɗi na ɗan lokaci, ƙwarin zai saki.
Ruwan daɗi! Shekarar da ruwan sama ya cika tafkin bayan coci, da idona na ga kifin teku ya juya ciki sama. Yanzu shi ne magani?

Alhamis, 11 ga Mayu
Ashe rijiyata suke so. Duk unguwar nan ita kaɗai ba ta yi gishiri ba, kuma don ina tsaye a kanta ne. Susai da ya haƙa ta ya ce, "Siluvai, a bazara tulu-tulu za ki ɗiba. Kika zurfafa, teku zai shigo ta ƙasa." Su kuma ganga-ganga suke magana. Motar ruwa sai wani mako.
Jansi, mai kirana Attai, wato uwar miji, ta ce, "Attai, in kifin nan ya mutu me za mu ci bana?"
Na ce ki ci bakinki, ya ishi gida.
Ki daina dariya, rubuta.

Asabar, 13 ga Mayu
Ban ba su ruwan ba. Wasu kifayen sun mutu. Wari har ɗakin girki.

Lahadi, 14 ga Mayu
An fito coci, Rosammal mai soya kifi ta ce, "Na ji jikokinki na cikin ruwa ba lafiya, kin hana su wanka." Tsohuwar banza, haƙorinta biyu.
Arulappan bai taɓa shinkafarsa ba. Bai roƙe ni ba. Yadda ya zauna yana kallon ƙafarsa, uban ne sak. Da ma faɗa ya yi min.

Talata, 16 ga Mayu
Na ba su ruwan, amma ni na ja gugan, don hannu mai ƙarni ba ya taɓa min igiya. Na bi su Arulappan cikin jirgin ruwa in ga ɓarnar da idona. Suka shimfiɗa tamfal, suka juye ruwana, suka zuba kifin. Ya yi ta bugun ruwa, na ce shi ke nan. Can sai ga ƙwarin ya yi fari yana zubowa kamar riɗi. Da aka mayar da su teku, wani mai tabo a baya ya tsaya cik, sannan ya nutse.
Bayana kamar an daka.

Juma'a, 19 ga Mayu
Sun fara ci. Mai tabon shi ne kan gaba, ɗan haɗama. Ba wai na tambaya ba, Arulappan ne da surutu.
Shayin safe ya ɗan yi gishiri-gishiri. Jansi ta kalle ni, na ce hannunki ne, ba ki wanke tukunya ba. Ba ta musa ba.
Malama ta ce a sake musu wanka gobe. Na rataye guga a bakin ƙofa. Ki ce wa mijinki ya bar min wurin zama a jirgi.