An Hana 'Yata Keke, An Bar Mata Bayan Babur

Zuwa ga Mushe Darakta, shugaban kolejin da 'yata Balki take karatu a nan Matameye, da duk uba ko uwar da wannan takarda za ta faɗa hannunsu.

Kafin gaisuwa ina da gargaɗi. Kai mai karatu, in kana cikin mazan da suka zauna a taron iyayen yara na farkon shekarar nan suka ce "haka ne, Alhaji", to da kai nake. Kada ka karanta rabi ka ninke takardar ka ce wata mata ce ranta ya ɓaci. In ba za ka iya kai ƙarshe ba, miƙa wa matarka, ko ka sa 'yarka ta karanta mata. Su za su gane.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaishe da malaman da ke ƙarƙashinka. Na zo ofishinka sau biyu. Zuwan farko aka ce ka tafi Damagaram. Na biyu ka saurare ni a tsaye, makullin babur a hannunka, ka ce, "Madam, ba ni na yi dokar ba, iyaye ne." Ni ma uwa ce, kuma ba wanda ya tambaye ni. Shi ya sa na rubuta a fili.

Ga abin da ya faru, don wanda bai sani ba. Makarantarka ta kafa doka cewa ɗaliba mace ba za ta ƙara zuwa a kan keke ba. Maza su zo da nasu. Balki tana da shekara goma sha biyar, tana ajin ƙarshe, bana za ta zauna jarrabawar brebe, wato ta kammala kolej. Gidanmu yana can ƙarshen gari, bayan garaken rake, makaranta kuma tana ɗaya ƙarshen. A keke ba ta wuce minti ashirin. A ƙafa awa guda ce da ɗoriya, rabin hanyar kuma rairayi ne.

Na farko, yadda aka yi dokar.

Takardar kiran taro da aka ba yara ta ce "mai gida" ya zo. Aka sa taron bayan la'asar, lokacin da kowace mace tana gaban murhu. Uban Balki ya je, ya dawo ya ba ni labari kansa a ƙasa. Wani Alhaji, dattijo, mai faɗa a ji a garin nan, ya miƙe ya ce keke yana lalata 'ya mace, yarinyar da ta saba hawa ba ta kai mutuncinta ɗakin miji. Da ya zauna, sai aka ce "haka ne, Alhaji". Kai kuma ka sa aka rubuta cewa iyaye sun amince baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, a ƙasar nan aka haife ka. Ka san cewa in babba ya yi magana a taro, "haka ne" ba ƙuri'a ba ce, ladabi ne. Da Alhaji ya ce a sayo wa kowace yarinya keke, da "haka ne" ɗin za ka ji, daga bakunan nan dai. Na tambayi mijina me ya hana shi magana. Ya ce, "Ke, Alhaji abokin babana ne, in tashi in ƙaryata shi gaban mutane?" Ban ga laifinsa sosai ba. Kai ne mai ilimin da aka ajiye a kujerar nan don ka bambance gaisuwa da shawara, kuma ba ka bambance ba.

Na biyu, yadda aka zartar da ita.

Ba a aiko wa kowa takarda ba. Ranar Litinin da ta biyo bayan taron, Balki ta isa ƙofa kamar kullum, da dogon wando a ƙarƙashin siket, da hijabinta har gwiwa. Sirbeyan, wato malamin da ke tsaron ƙofa da horon ɗalibai, ya riƙe mata kan keke. Ya durƙusa gaban yara ya sace iskar ƙafafun biyu, ya kwance 'yan bakunan da ake hura iska ya jefa a aljihunsa. Yara maza suka sa ihu: "Direba, an kama ki ba lasisi!" Da aka tashi, ta turo keken a rana tsaka har gida, taya a kwance tana cin ƙasa. Ba ta yi kuka a hanya ba. Sai da ta jingina shi a zaure ta ga fuskata.

Na nemi mafita ba tare da na yi faɗa da kowa ba. Akwai wata tela, ƙawata, kusa da makaranta. Na ce Balki ta riƙa ajiye keken a gidanta ta ƙarasa a ƙafa. Kwana huɗu aka yi. Wani ya kai gulma, sirbeyan ya kira ta ya ce muddin tana sanye da kayan makaranta, daga ƙofar gidansu har ƙofar aji dokar tana kanta. Ashe ikonku ya kai har zaurena. Ban sani ba sai ranar.

Na uku, maganar Alhaji ita kanta.

Zan faɗe ta da kunya, amma zan faɗa. Ni a keke na yi kolej. A wani ƙauye da ke kan hanyar Kurni na tashi. Shekarar da na ci jarrabawar shiga aji shida, wato ajin farko na kolej, babana, Allah ya jiƙansa, ya kawo mini baƙin keke na hannu, ya rage tsawon sirdin da kansa. Mu uku ne 'yan mata daga ɓangarenmu. Shekara huɗu muna tahowa Matameye da safe muna komawa. Inda rairayi ya yi yawa mu sauka mu tura, mu kuma hawa. Tsofaffi a bakin hanya suna ɗaga mana hannu suna cewa, "Sannunku 'yan lakwal, a yi karatu da kyau." A lokacin keke abin daraja ne. Malaminmu na lissafi ranar Juma'a yake wanke nasa, ya goge wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba yaron da ya isa ya taɓa ƙararrawar. Mu ukun nan duk mun yi aure, duk mun haihu, ba wadda aka mayar gidan ubanta da wata magana. Ɗaya daga cikinmu yanzu ungozoma ce a asibiti. Da na gaya mata abin da aka faɗa a taronku, dariya ta fara yi, daga baya ta daina.

Na je wajen Malamin unguwarmu, don ni ba na wasa da abin da ya shafi addini. Ya ce shi dai bai san inda aka hana yarinya mai sutura hawa keke don neman ilimi ba. Na ce to ya faɗi haka bayan sallar Juma'a. Ya gyara zama ya ce, "Uwar Balki, ki yi haƙuri, ba kowace gaskiya ake ɗauka a kai masallaci ba." Na gane. Na yi masa sallama na tashi.

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Kowace Lahadi da safe, ranka ya daɗe, ina ganinka a kan titin Damagaram. Kai da wasu manyan ma'aikata biyu, da hular kwano, da gajeren wando, a kan kekuna masu siraran ƙafafu. An ce likita ne ya ce ka riƙa yi saboda hawan jini. Allah ya ba ka lafiya, da gaske nake. Mutane suna tsayawa su gaishe ku, ana cewa wayewa ce, motsa jiki ne. Watau a garin nan yanzu, in mai babur da albashi ya hau keke don ya rage tumbi, ya waye. In mai rake ya hau don ya kai kaya kasuwa, talaka ne, 'ya'yansa ma kunyar gaishe shi suke gaban abokansu. In yarinya ta hau don ta je ta koyi lissafi, ta lalace. Keke ɗaya ne, ƙarfe ɗaya, feda biyu. Kai da ba inda za ka, an bar ka ka hau. Ita da take da wurin zuwa, an sauke ta.

Na biyar, abin da dokar ta haifar.

Kun hana keke, ba ku ce komai a kan kabu-kabu ba, wato baburan haya. Ka tsaya a ƙofarka da ƙarfe takwas saura ka gani da idonka. 'Yan matan da aka sauke daga kekunansu, ga su nan ana sauke su daga bayan babur, kowace ta riƙe rigar saurayin da ubanta bai san sunansa ba. Wannan ne mutuncin da Alhaji ya tsare? Yarinyar da take tuƙa kanta, hannunta biyu a kan ƙarfe, ba mai taɓa ta, ita ce abin tsoro, amma wadda aka manna da bayan ƙato ita ce kamila?

Balki na ce ta tafi a ƙafa. Sati uku ke nan. Ubanta ba zai iya kai ta ba, lokacin rake ne, tun asuba yana garka. Tana gama aikin safe ta kama hanya, sau da yawa ta tarar an rufe ƙofa. Wanda ya makara sai ya share fili kafin ya shiga, kuma awar farko ta lissafi ce kwana uku a sati. Yarinyar da ba ta taɓa wuce ta biyar a aji ba, gwajin da aka yi na baya-bayan nan ta ɓoye mini takardar a ƙarƙashin tabarma. 'Yar maƙwabtanmu da suke tafiya tare, uwarta ta ce wahalar ta isa, ta zaunar da ita tana taya ta suyar ƙosai.

Sai ranar Alhamis da ta wuce. Ina tsakar gida na ji babur ya tsaya a ƙofa da azahar, Balki ta shigo ba ƙura a ƙafarta. Na tsare ta. Ta ce wani ɗan kabu-kabu ne ya gan ta tana tafiya, ya ce ta hau. Da ta ce ba ta da kuɗi, ya ce, "Kuɗin me? Ke ai ta gida ce, kullum ma sai in riƙa ɗauko ki." Ba ɗan gidanmu ba ne, ba mu haɗa komai da shi ba. Washegari da yamma ya dawo ya tsaya a bakin zaure yana danna oda, yana tambayar yara ko Balki tana ciki. Ni na fita. Abin da na gaya masa ba na takarda ba ne. Na dawo na yi wa 'yata faɗan da ban taɓa yi mata ba, tana kuka tana cewa, "Inna, ƙafata ce ke ciwo." Na san gaskiya ta faɗa. Ban sassauta ba, don uwa ba ta sassautawa a irin wannan. Amma shekara uku tana zuwa makarantarka a keke, ba namijin da ya taɓa sanin ƙofar gidana saboda ita. Sati uku na dokarka sun kawo shi.

Ga abin da nake roƙo, ko da yake ban sa rai ba.

A sake kiran taro, a rubuta "uba da uwa" a takardar, a sa shi da hantsi ranar da ba kasuwa. A bar kowa ya faɗi ra'ayinsa ba a gaban idon Alhaji ba, ko da ƙwayar gujiya ce za a jefa a ƙwarya biyu a bayan labule. In ba za a iya wannan ba, a ɗage dokar ga 'yan ajin brebe har su gama jarrabawa. In wannan ma ya yi nauyi, a daina rufe ƙofa a fuskar yaran da ku da kanku kuka sa su tafiyar ƙafa. Kuma sirbeyan ya maido da abin da ya sa a aljihu, ba nasa ba ne.

Na ce ban sa rai ba don na san garina. Za a karanta wannan a rumfar mai shayi, a ce matar wane ta cika baki, boko ya yi mata yawa. Matan da suka biyo ni har gida suna cewa "wallahi gaskiyarki" ba wadda za ta sa hannu a ƙasan takardar nan, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma wata rana za a yi maka canjin wurin aiki, ka tafi da kekenka na Lahadi, dokar ta zauna, wanda zai gaje ka ya tarar da ita ya ce al'ada ce.

Duk da haka ina yi maka addu'a. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauke maka nauyin da ke kanka, ya raya maka naka 'ya'yan mata, kada ya nuna maka ranar da baƙon babur zai tsaya a ƙofarka yana kiran sunan ɗayarsu.

Tunda makaranta ta yi dokarta, ni ma na yi tawa, na tara 'ya'yana na faɗa musu gaban ubansu. Daga yau ba 'yar gidan nan da za ta hau bayan namijin da ba ubanta ko wanta ba, da kuɗi ko kyauta, ko da ƙafarta tana jini. Balki za ta fita da an sallame sallar asuba, a ƙafa, ta dawo a ƙafa. Ranar da na sake jin babur ya sauke ta, ko ranar da zafin bazara ya zo ƙafar ta gaza kuma dokarku tana nan, ranar karatunta ya ƙare, ko saura sati ɗaya jarrabawa. Ta ji, ta je ta jiƙa ƙafarta a ruwan ɗumi.

Wassalam.

Uwar Balki,
bayan garaken rake, Matameye.