Layin da Ka Bar Mini

Da sunan Allah nake farawa.

Zuwa ga Malam maigidana, gawon da ke fitar da ganye sa'ad da sauran itatuwa suka tuɓe, ruwan randata a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa ranar da aka yi ruwan shuka. Karɓi sallama daga wadda shekara ashirin da uku ba ta taɓa ɗaga maka murya ba.

Dole ce ta mai da ni ga takarda, don ba ni da inda zan kira ka. Kai da hannunka ka zare layinka daga waya ka bar mini, saboda a kansa ajiyarka take. Ka ce in ka isa Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya ka kama aikin gini, ta nan aike zai riƙa shigowa, ba sai na tsaya a ƙofar kowa ba. Wayyo tausayinka, Malam! Ka yi tunanin tukunyata, ka manta da kunnena da ke jiran muryarka.

Ka tuna hantsin da za ka tafi, a gindin itacen bedin tsakar gida? Ka zana mini lambobin sirri huɗu a kan rairayi da yatsa, ina biya su kamar hadda, kana dariya wai har ja nake musu irin na tilawa. Sannan ka shafe su da tafin hannunka. Na taya ka dariya, amma gabana ya faɗi. Rani nawa ka ci a Kano da Kaduna, yaushe ka taɓa danƙa mini sirrin ajiyarka? Me ka hango a wannan tafiyar, hasken idona, da ba ka hango a waɗancan ba?

Ran Lahadi Abdu, dillalin motar, ya aiko saƙon murya, bai san layin yana hannuna ba. Ya ce bas za ta kai ku Agadas yadda aka yi, amma daga can babu sauran zancen tike. Ƙaramar mota ce buɗaɗɗiya, kuma ba za ta bi babbar hanya ba, ta cikin hamada za ta ratsa. Ya ce kowa ya sayi bido biyu na ruwa, wato jarka, ya ɗinke su da buhu, ya rubuta sunansa da lambar wayar gida a jiki. Ya ce a tura cikon kuɗin mota kafin azahar ɗin Laraba, in ba haka ba a bai wa wani gurbinka.

Lambar gida a jikin bido! Wa zai karanta ta, Malam? Mai shan ruwa ai ya san gidansu. Wannan rubutu na mai tsintuwa ne. Ko ka sani ka ɓoye mini, don kada in yi kuka a tasha?

Jiya kuma wata baiwar Allah ta kira daga Kurni, Najaha sunanta. A kasuwa ta ji an ce kana cikin mutanen Abdu. Mijinta Hamisu ya bi wannan hanyar kwana arba'in da biyu ke nan, ita ta ɗinka masa buhun da allurarta. Har yau shiru. Ta ce da ni ba ta san abin da za ta roƙa ba, wayar ta yi ƙara ko kada ta yi. Sai muka yi ta salati tare har kuɗin wayarta ya ƙare.

Ya sanyin zuciyata, me zan yi da rufin kwanon da kake son yi mana in babu mai tari a ƙarƙashinsa da asuba? Geron rumbu zai kai mu in na haɗa da wake, kuma hannuna bai manta ƙuli-ƙuli ba. Koma Kano yadda ka saba, ko ka jira tafiyar da ake bi da takarda a kan hanyar da mutane ke gani. Ban hana ka nema ba, wallahi.

Ga abin da ya fi yi mini nauyi. Ka umarce ni in lokacin ciko ya yi in tura ba tare da jinkiri ba. Dukiyarka ce, amana ce, ko dala ban taɓa ba. Na san haƙƙinka a kaina, na karanta shi tun ina riƙe da allo, kuma na yi istigfari tun kafin in aikata. Ba zan tura ba, Malam. Gara in amsa tambayar saɓa maka gaban Ubangijina da in zama ni na biya kuɗin motar nan da yatsana.

Kabiru direba zai kawo maka wannan takarda yau Talata, gidan ƙanenka a Damagaram. In ranka ya ɓaci, zo gida ka yi faɗan a gabana, zan durƙusa in saurara har ka gama. Azahar ɗin gobe za ta same ni a kan tabarmar salla, wayar a kashe.

Taka ce ni ko kana fushi, taka a duniya, taka ranar tsayuwa,

Basira
Matameye