Thora Ba Ta Dawo Ran Litinin Ba

Melbourne, Janairu 1909

Yaya Maud,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baba kuna lafiya. Na kai wasan ƙarshe na gasar tanis ta mata! Sai dai ruwan sama ya sa an ɗaga shi zuwa Talata, ga shi shugaban makarantar da nake koyarwa, Mista Harbottle, ya ce in bai gan ni a aji ran Litinin ba, in nemi wani aikin.

Matar da zan kara da ita, Misis Verrall, ta ƙare mini kallo ta ce, "Wai ke ce ta ƙauyen nan da ta koyi wasa a bayan rumbun alkama?" Na ce mata, "Ni ce, ranki ya daɗe."

Rigar matsin nan mai ƙasusuwa ta yayyanke mini haƙarƙari, jiya har da jini. Ran Talata ba zan sa ta ba. Kuma ba zan dawo ba sai na buga.

Ƙanwarki,
Thora

Dimboola

Thora,

Bayan gaisuwa, kin ga taurin kan nan naki? Da na karanta wa Baba maganar rigar, tashi ya yi ya fita. Ni kuwa kunya ta hana ni leƙa kanti.

Na je wurin Harbottle na ce zan riƙe miki ajin. Ya ce makaranta ba gidan wasa ba ce, ya riga ya ba ɗan ƙanensa. Aikin ya tafi, Thora. Na so in ɓoye miki, Baba ya ce a'a, a gaya miki, don kada ki buga da rabin zuciya. Ya ce kuma ki riƙa aika wa Misis Verrall ƙwallo ta hagu, matan birni ba sa son gudu.

Tunda kin jawo mana, to ki ci.

Yayarki,
Maud

Melbourne, Laraba

Yaya,

Ina gaishe ku. Misis Verrall ta cinye zagayen farko, mutane suna ta nuna ni suna ƙus-ƙus don ban sa rigar matsi ba. Daga nan na ji numfashina yana kaiwa har ƙasan ciki, ban sake waiwayar kowa ba. Na ci, Yaya.

A ɗakin sauya kaya Misis Verrall ta juyo mini da bayanta, tana haki, ta nuna igiyar rigar matsinta ta ce, "Kwance mini wannan abin."

Ku zo tasha da keken doki ran Juma'a, kofin yana da nauyi.

Taki,
Thora