Yatsun da Suka Sage

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Dada, ranar Talata na je asibiti gwajin jijiyar hannu. Watanni ke nan yatsuna suna sagewa in ina kitso, har kibiya ta suɓuce ban ji ba. An ce kar in shafa mai. Ma'aikatan sun ɗumama hannun a ruwa, suka manna wayoyi a gindin babban yatsa, suka riƙa sako lantarki kaɗan-kaɗan a wuyan hannu. Yatsan yana zabura shi kaɗai. Likita ta ce na'urar tana auna saurin da saƙo ke bi a jijiya. Nawa yana makara, don jijiyar ta matse a wuyan hannu.

Ta tambaye ni ko ƙaramin yatsa ma yana sagewa. Na ce a'a. Ta ce haka ciwon yake. Nan na fashe da kuka, baiwar Allah ta ɗauka zafi na ji.

Ke na tuna, a tsakar gidanmu na Kagarawal, kina yarfe hannu kina cewa, “Autan yatsun nan ne kaɗai bai gudu ya bar ni ba.” Mu kuma muna dariya.

Kin yi wa amaren unguwa kitso shekara da shekaru. Da nawa bikin ya zo, kika tsaga layi biyu, kika tsaya, kika ce in je gidan Goggo Adda ta ƙarasa. Na tashi da rabin kai ina hawaye. Na ce a raina ba kya son auren ne. Shekara guda ina gaishe ki a tsaye.

Ba ki taɓa kare kanki ba. Ni ma ban taɓa kama hannun naki na duba ba.

Likita ta ce ana magani. Za a fara ɗaure mini wuyan hannu, in bai yi ba, aiki ne ƙarami. Ƙarami, Dada. Wannan kalmar ta fi komai yi mini ciwo.

Ki yafe mini. Na makara, amma na gane.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tashe ki da hannuwa masu lafiya, Ya sa in riƙe su.

Taki,
Aishatu