Na Ce Gado Ne, Matata Ta Ɗauki Laifin

Gwaggo Dije, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina, kuma ba ni da wanda zan gaya wa a unguwa maganar ba ta fita ba.

Ni bakanike ne a Kurmin Mashi, shekarata hamsin ba ɗaya. Ban yi aure da wuri ba, sai da na aurar da ƙannena tukuna. Matata Kaltume 'yar Rigasa ce, Allah ya ba mu 'ya ɗaya, Harira, shekararta biyu. Tun tana goye muka lura hannuwanta da ƙafafunta gajeru ne, kan kuma ya ɗan fi jikin. Inna, mahaifiyata, ta ce ƙiba ce, za ta miƙe. Shiru ba ta miƙe ba. Muka kai ta asibiti, aka ɗauki hoton ƙashinta, aka ɗebi jini. Likitar ba ta jin Hausa sosai, Kaltume ba ta jin Turanci, ni mai sakandare na zama tafinta. Ta yi dogon bayani, na tsinci kalma ɗaya da take ta maimaitawa, wai jenetik. Mu kuwa a makaranta da gado aka fassara mana ita. Na juya na ce wa Kaltume likita ta ce wadanci ne, kuma gado ne.

Kaicona! Da maganar ta isa wajen Inna sai ta zauna ta lissafo danginmu tun daga Malumfashi, ta ce duk sai sun sunkuya suke shiga ɗaki. Wata cikin dangi ta tuna ai kakan Kaltume gajere ne. Shi ke nan, aka gama shari'a. Na yi shiru, kuma ba zan ɓoye miki ba, shirun ya yi mini daɗi, don ya wanke ni.

Bayan wata biyu na mayar da Harira ni kaɗai, na tarar da wani likita Bazazzage. Da ya ji sana'ata sai ya yi mini bayani da yarena. Ya ce a jikin kowa akwai wata ƙwayar halitta da ke ƙera wani furotin, shi ke karɓar saƙon girma a ƙashi, ya taka birki in ya kamata. Na Harira wani sauyi aka samu a ƙwayar, birkin ya kama ya ƙi saki. Ya ce ba ni da wannan sauyi, Kaltume ma ba ta da shi, sabo ne ya faru a kan Harira. Na matsa masa da tambayar ta wane ɓangare sauyin ya zo. Ya ce kusan kullum a ƙwayar namiji yake aukuwa, musamman in ya manyanta.

Gwaggo, wata uku ke nan na haɗiye wannan magana. Kaltume ta rame, ta daina zuwa biki da suna. Makon jiya ta tafi Rigasa, ta aiko yayanta Jibrin wai in ba ta takardarta, in auri wadda za ta haifa mini lafiyayyu. Ba fushi take ba, wai tausayina take ji. Wannan ne ya kashe mini jiki. Wallahi ina sonta. Amma ina tsoron bakin 'yan gareji, za su ce tsoho ya yi auren dare ya ga sakamako, ga Inna da hawan jini. Ba zan iya dawo da ita da lallashi kawai ba, in bar wancan zance a binne?

Baban Harira, Kurmin Mashi

Wa'alaikumus salam, Baban Harira.

A'a, ba za ka iya ba. Ko ta dawo, da nauyin za ta dawo, kai kuma ka riƙa kallonta tana ɗauke da shi.

Kuskuren fassara ban ga laifinka ba. Hausa ta saba haɗa abin da ke cikin ƙwayar halitta da abin da aka gada a kalma ɗaya, alhali ba kullum suke ɗaya ba. Likitoci sun ce a cikin yara goma masu irin wannan halitta, kusan takwas iyayensu ba su da ita. Sauyin da ya faru a ƙwayarka ma ba laifinka ba ne, ba ka zaɓa ba, ba ka sani ba, ikon Allah ne. Tsoronka kuwa na gane shi, bakin mutane ba daɗi. Laifinka ɗaya ne, Malam: ka san gaskiya wata uku, ka bar baiwar Allah tana ramewa a gabanka. 'Yan gareji za su yi dariyar kwana biyu su koma kan wani. Ita aurenta take shirin bayarwa saboda abin da ba ta yi ba.

Kada ka aika kowa. Ka je Rigasa da ƙafarka, ka gaya mata duka, har da tun yaushe ka sani. In ta yi fushi, haƙƙinta ne, ka ba ta lokaci. Sannan ka kai ta wajen likitan nan ta ji da kunnenta da Hausa, ta yi tambayoyinta, har da batun haihuwa ta gaba, wadda galibi ba a cika samun maimaici ba. Bayan nan ka zauna da Inna cikin ladabi, Jibrin yana wurin, tunda a bainar dangi aka shafa wa gidansu baƙin fenti.

Harira kuma ku riƙe ranakun asibitinta, a riƙa duba kanta da kunnuwanta da numfashinta. Irin waɗannan yara hankalinsu garau yake, za ta yi karatu kamar kowa. Yanzu take koyon magana, kuma kunnen yaro ya riga bakinsa buɗewa. Kada abin farko da za ta fahimta game da kanta ya zama ita laifi ce da ake neman mai shi.

Allah ya raya ta, ya sanyaya zuciyar Kaltume, ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Gwaggo Dije