Hannun da Ya Fito Kamar Hayaƙi

Zuwa ga Autar Yaya,

Assalamu alaikum. Baffanki mai takalma ne ke gaishe ki, da fatan kina lafiya, kina kuma cin abinci, ba hotonsa kawai kike ɗauka ba. Mu nan lafiya lau, ban da kasuwa da ta koma wurin yawon buɗe ido: mutum ya gwada takalmi, ya yi taku gaba da baya kamar ango, ya cire, ya ce zai dawo.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san abin da ya raba shagona da na mahaifinki falankin katako ne, in na yi atishawa shi ke amsa mini. Maganar da zan yi ba ta waya ba ce, shi ya sa na ba direban da ya kawo ambulan ɗin hotunanki ita.

Hotunan da za ki baje a zauren nunin hotuna sun iso. Muka share teburin yankan yadin mahaifinki, muka jera su yadda kika sa lamba a bayansu, Mamarki ma ta zo kallo. Ga ƙofar shago da sassafe, haske ya shigo ya kwanta a kan tabarma. Ga almakashin nan mai baƙin hannu. Ga kujerar Yaya da ta lotsa daidai zamansa, babu kowa a kai amma kamar yanzu ya tashi. Mamarki ta ce wa Yaya, "Yarinyar nan duk hutunta ta ƙare shi tana bin ka da kyamara, ko fuskarka ba ta ɗauka ba?" Yaya ya ce, "Ta san fuskar ba ta sayuwa ce." Na ce ai ciwon gida ne, ni kaɗai Allah ya tsamar.

Ana cikin dariya muka kai na ƙarshe, wanda hannuwansa ke kan keken ɗinki, na hagu ya fito tar, na dama kamar hayaƙi. Yaya ya daɗe yana dubansa. Sai ya kife shi, ya ɗora almakashi a kai, ya ce, "Ka faɗa mata ban da wannan." Ya koma ya zauna.

To na faɗa miki. Shawarata ki cire shi ki huta. Wanda ya zo kallo bai san da shi ba, balle ya tambaya.

Ki gaida abokan aikinki. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki

*

Baffa,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan ku duka kuna lafiya. Ina cin abinci, a faɗa wa Mama.

Baffa, da wani hoton ne ya ce in cire, da tuni na cire. Amma wannan hoton shi ne dalilin sauran. Ban jera su don kyau kawai ba, labari ne. Mutum zai shigo ta ƙofar shago, ya ga kayan aiki, ya ga kujera, ya ga riguna a rataye suna jiran masu su, yana ta tambayar ransa wane ne mai wurin nan. Sai a bangon ƙarshe ya iske hannun. In na cire shi, na bar mutane a shagon da babu kowa.

Hayaƙin ma ba kuskure ba ne. Shagon Baba da duhu, don haka nakan bar idon kyamara a buɗe ya ɗan jima. Duk abin da ya tsaya cak zai fito sarai, abin da ke motsi kuwa sai ya bar inuwarsa a baya. Tun ina ƙarama nake zama a ƙarƙashin teburin nan ina kallon hannunsa, ban taɓa iya bin sa da ido ba don sauri. Da na wanke hoton na gan shi haka, sai da na yi ƙwalla. Na ce yau dai na kama abin da nake gani tun ina yarinya.

Matar da ke da zauren ta ce shi za ta sa a ƙofa don jawo mutane. Na ce ta dakata.

Ina ta kiran Baba ba ya ɗauka. In Mama ta miƙa masa sai in ji ya ce yana aiki. Bai taɓa yi mini haka ba, ko lokacin da na ce na bar karatun lissafi zan koma hoto. Me na yi? Ko yana ganin na nuna shagonsa a tsufe ne? Don Allah Baffa ka bugi cikinsa, kai ne ba ka rasa hanya.

A gaishe mini da kowa.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta zo, na karanta a ɓoye cikin kwalin takalmi kamar mai duba lamba.

Kin ce in bugi cikinsa. 'Yar nan, ni da na sayar wa mai ƙafa babba takalmin da ya matse shi har ya yi mini godiya, mahaifinki kaɗai ne ban taɓa cin riba a kansa ba. Na kai masa shayi, na fara da yabon hoton almakashi, na zagayo ta kujera, ina dab da isowa sai ya ce, "Mai takalma, in ka gama talla ka rufo mini ƙofa."

Ga tayi, ki duba da kyau kafin ki ce albarka. Ki zo ki ɗauki nawa hannun a kan keken. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, yatsun iri ɗaya, nawa ma sun fi sheƙi don ina shafa mai. Zan kaɗa shi da sauri har ya fi hayaƙi, ya zama guguwa. Matar zauren ba ta san hannun tela daga na mai takalma ba. In kina so ki haɗa da fuska, ba zan ƙara miki kuɗi ba.

Ban da wasa, ba fushi yake da ke ba. Na kifewar nan ma bai yar ba, yana cikin aljihun keken. Sauran kuwa duk wanda ya kawo ɗinki sai ya nuna masa, yana cewa, "Aikin Auta ne, a bango za a rataye su, mutane su sa takalmi mai kyau su zo kallo." Ni dai na ce su biyo ta wurina tukun.

Akwai kayan da mai shi ke ajiyewa a bayan kanta, ba don ba su da kyau ba. Ki bar masa wannan. Iyakar abin da bakina zai iya ke nan, kin kuwa san bakina ba ƙarami ba ne.

Mamarki na gaishe ki. Allah ya tsare.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini gajartar takardar, hannuna ba ya son rubutu yau.

Tunda nake ban taɓa jin ka ce iyakar bakinka ke nan ba. Shi ya sa na koma wurin wankin hoto na sa aka buga mini hoton babba, yadda zai hau bango, na jingina shi na zauna a gabansa.

Wilin keken ya fito sarai, har tsatsar gefensa ana gani. Da yana juyawa da shi ma ya zama hayaƙi. Allura a sama take, babu zare a cikinta. Ƙafar Baba tana ƙasa, ba ta kan feda. Yadin ma a ninke yake.

Baffa, ba ɗinki yake ba. Zaune kawai yake. Hannun da kansa yake motsi.

Ni na ɗauki hoton, ni na wanke, ni na yi ta yabon kaina, ban gani ba. Tun yaushe? Mama ta sani? Ya ga likita?

Na gaya wa matar zauren ta cire shi daga ƙofa, daga bango ma. Ta ce labarin zai mutu a tsakiya, na ce ya mutu. Ka faɗa wa Baba babu wanda zai gani. Ka ce masa ya ɗauki wayata kawai, ba zan tambaye shi komai ba, ko labarin tsadar zare ya ba ni.

Auta

*

Autar Yaya,

Salamu alaikum, da fatan kin ɗan samu natsuwa. Tunda kin gani da idonki, ni ban karya alkawari ba, ki zama shaidata.

Abin ya fara tun kafin ki zo hutu. Ikon Allah, in yana aiki hannun yakan lafa, in ya zauna shiru ne yake tashi. Shi ya sa kika ga duk zamanki bai yarda ya huta a gabanki ba, ko babu aiki sai ya ɗauko tsumma ya yi ta bi. Sau ɗaya ya saki jiki, yana tsammanin kina ɗaukar zaren da ke kan kanta, ashe kin juyo.

Zura zare ne ya gagara. Kullum da safe kafin masu ɗinki su fara zuwa nakan zagaya in zura masa, mu yi kamar hira ce ta kawo ni. In ya tsinke da rana sai ya buga katako, in bar mai ciniki da takalmi ɗaya a ƙafa in ruga. Mamarki ta sani, tana yi kamar ba ta sani ba, shi kuma yana yi kamar bai san ta sani ba. Haka gidan yake tafiya lafiya. Likita kuwa ya ƙi, wai zai ce ya ajiye keke.

Da takardarki ta zo ban yi dabara ba, karo na farko a rayuwata. Na shiga na karanta masa daga sama har ƙasa. Da na kai inda kika ce labarin ya mutu, sai ya ɗago.

"Wane labari ne zai mutu?"

Na ce, "Naka mana. An shigo shago, an ga almakashi, an ga kujera, an fita. Mutane za su ce Allah ya ji ƙan mai wurin."

Ya ce, "Bakinka ya sari katako. Ina nan da raina."

Na ce, "To ai ba ka a bango."

Ya jawo aljihun keken ya fito da hoton, ya riƙe da hannun daman, takardar na kaɗawa, bai canja hannu ba, bai kuma ɓoye ba. Ya ce, "Masu kawo ɗinki ba su dame ni ba, wanda zai tafi ya tafi. Ita nake gudu. Na san halinta, in ta sani za ta nannaɗe kyamarar ta dawo ta zauna tana zura mini zare. Ban tura ta can don ta dawo ta zama kai ba."

Na ce na gode da yabo.

Sai ya ce, "Wai da gaske ta yi kuka da ta gan shi, tun ba ta sani ba?" Na ce haka ta rubuta a waccan takardar. Ya ce, "To ashe bai yi muni ba."

Ya karɓi birona. Na ce ya faɗa in rubuta, rubutuna ya fi kyau, ya ce in je in ji da takalmana. Ga tasa nan a ciki, ban buɗe ba, ko da yake na ɗaga ta a rana, takardar ce mai kauri.

Allah ya yi miki albarka, ya bar mana ku.

Baffanki

*

Auta,

Ina gaishe ki. Ga rubutuna yadda ya koma, ki karanta a hankali.

Ki mayar da hoton bangonsa. Hannuna ne, shi ya ciyar da ku, ban ga abin kunya ba. Kada dai ki rubuta abin tausayi a ƙasansa. Ki rubuta tela, ya isa.

Ba na son ki dawo. In kin gama bajewar, mutane sun watse, ki zo kwana biyu ki raka ni wurin likita, sannan ki koma bakin aikinki. Da Baffanki zan je, amma na san kafin a duba ni ya auna ƙafar likitan.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki