Hoton Kurciya da Motar Injiniya

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki, ta daina damunki da safe? Yaya Baba, yaya mutanen gida duka? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Yaya tana gaishe ki. 'Yarta takwararki ta fito da haƙori biyu, kuma a yatsana ta fara gwada su.

Kin ce in riƙa haɗa gaisuwata da labari. To yau akwai labari, sai dai ba na waya ba ne, don ɗakina da na su Yaya bango ɗaya ne, kuma bangon ba ya riƙe sirri.

Labarin surukinki ne, Injiniya mijin Yaya. Kin san shi da gyaran firij da esi mai sanyaya ɗaki, kin kuma san 'yar farar motarsa da yake ɗauko firjin mutane a bayanta ya kawo shago. Abin da ba ki sani ba, mutumin nan yana da ciwo, ciwon kyamara. Ba sana'a ba ce, ba ya ɗaukar kowa hoto don a biya shi. Sha'awa ce kawai. Uku gare shi, ga gilasan da ake ɗaura musu a baki, gajere da dogo da wani mai kama da taɓarya. A cikin wani mataccen firij yake ajiye su a ƙuryar shago, wai ƙofarsa ba ta barin danshi ya shiga. Ranar da na fara buɗe shi ina neman ruwan sanyi, idanuwa bakwai na tarar suna kallona.

Duk Asabar da hantsi abokan ciwonsa suke zuwa, Dokta mai kemis ɗin kan kwana da Hedimasta da ya yi ritaya. Shagon askinmu yana kallon nasa, don haka in babu kai a gabana sai in tsallaka in zauna a kan gawar wani injin wanki in sha kallo. Inna, wata takwas ina zama da su ban taɓa ganin sun kalli hoto ba. Kyamarori suke kallo. Wannan ya karɓa ya jujjuya, ya shinshina, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ce ai an fito da wadda ta fi ta. Kamar a tara malamai su wuni suna yabon alƙalami da tawada, a tashi ba wanda ya rubuta ko bisimilla. Watan jiya Dokta ya sayo sabuwa dal. Tun daga ranar Injiniya yake hararar nasa kamar sun yi masa laifi.

Kwanaki na roƙe shi memori, ɗan katin nan da hotuna ke zama a ciki, zan zuba samfurin aski. Ya zaro ɗaya daga gwangwanin kusoshi ya ce in goge komai. Kafin in goge na duba. Hotuna sun fi dubu huɗu: bango, tayar keke, gajimare, bango kuma. Can a tsakiya na tsinci wata kurciya a kan bututun esi, ta miƙa wuya, ɗigon ruwa yana rataye dab da bakinta bai kai ga faɗowa ba. Ni da ban san komai a harkar ba sai da na tsaya. Na kai shagon wankin hoto aka fitar mini da shi babba, faɗin allo.

Asabar na shiga da shi a hammata. Na ce wani baƙo da na yi wa aski ne ya ba ni, ya kuma ce da irin sabuwar Dokta ya ɗauka. Nan take Dokta ya kumbura kamar shi ya haifi kurciyar. Hedimasta ya ɗora tabarau a kan tabarau ya ce a dubi idon tsuntsuwar, tsofaffin kyamarori ba su isa su yi wannan ba. Surukinki ya fi kowa daɗewa a kai. Ya ɗauko madubin da yake duba ƙananan wayoyi da shi, ya bi gashin kurciyar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ko shekara goma zai yi da tarkacen da ke firij ɗinsa ba zai fitar da irin wannan ba. Hoton da ya ɗauka da hannunsa fa, Inna. Na ce fitsari ya matse ni, na zaga bayan shago na yi dariya har na durƙusa.

Zan bar su su ƙara mako guda suna yabo, sannan in fasa ƙwan. Don Allah kar maganar ta kai ga Yaya tukuna.

Ki gaida Baba da kyau, ki gaida maƙwabta masu tambayata da ma waɗanda suka huta da ni.

Ɗanki,
Auta


Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Yaya jikin naki, yaya haƙuri da mu? Muna lafiya. Na samu saƙonki ta hannun direba, da faɗan da ke ciki. Kin ce wasa da babba ba a tashinsa da dariya. Da ma takardar taki ta riga Asabar isowa.

Abin ya juye mini. Injiniya ya roƙe ni hoton, ya sa aka yi masa katako, ya rataye shi a saman teburin aikinsa. Duk wanda ya kawo gyara sai ya nuna masa, ya ce ga abin da kayan zamani ke yi. Abinci kuwa ya koma tsakura. Zai zauna da kwano a gaba, waya jingine da kofi, wani mutum a cikinta yana buɗe kwalin kyamara a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Asabar ɗin da na shirya tona asiri, kafin in buɗe baki ya sanar da abokansa cewa ya yanke shawara, zai sayar da motar ya sayi irin ta Dokta. Suka miƙe suna yi masa barka kamar an yi masa haihuwa. Na tsallaka shagonmu ban fasa ƙwan ba.

Inna, motar nan ita ce shagon. Ba wanda zai ɗauko firij a ka ya kawo gyara. Otal biyu da masu sayar da ƙanƙara suna kiransa ne don yana zuwa da kansa ya ɗauka ya dawo da shi kafin kayansu su narke. Ranar da ya ce musu su jira ya nemo mota, ranar za su kira wani. Shi dai cewa yake zai riƙa ɗaukar haya. Yaya ta tambaye shi sau ɗaya ko kyamarar tana da taya. Ya ci gaba da kallon wayarsa, ita kuwa ba ta ƙara ba. Tun ranar kwanuka ne ke magana a madadinta in tana wanke-wanke.

Na gwada irin tawa dabarar. Ranar da dillali ya zo ganin motar na zare mata fiyus ɗaya, ta ƙi tashi. Na manta wa nake yi wa wayo. Minti biyu ya gano, ya zaro wani daga aljihu ya sa, dillalin ma ya ƙara yabawa wai mota ce a hannun mai kula. Na ɓoye takardunta a ƙarƙashin katifata. Takwararki ta rarrafo ta jawo su, ta kai har gabansa tana taunar gefe ɗaya. Ki gaya mini ko halin wa ta ɗauko.

Alhamis mai zuwa dillali zai dawo da mai saye.

Tsoro nake ji, kuma ba na duka ba ne, bulalar Malam a makarantar allo ta riga ta kashe mini fata. Shekara biyu ina gidan mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi ya nema mini kujera a shagon aski. Yanzu in tsaya a gabansa in ce masa mako uku ke nan yana nuna wa duniya hotonsa yana zagin kansa? In na yi shiru mota ta tafi, kuma ni na tura ta. In na yi magana ban san da wane ido zai kalle ni ba, ko shi da wane ido zai kalli su Dokta. Jiya na ci wa wani gefen kai ɗaya saboda tunani, sai da na ce masa sabon yayi ne.

Ki sa ni a addu'a, ki rage faɗan zuwa in na zo.

Ɗanki,
Auta


Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Baba da kowa da kowa. Yaya ƙafa, an samu maganin da na ce a nema? Mu nan sai godiya. Na san jiran me kike yi, don haka ba zan ja gaisuwa ba.

Laraba da azahar na same shi shi kaɗai, tsugune bayan wani firij yana zuba masa gas. Na ajiye memorin a kan gwiwarsa na faɗi komai da sauri, kamar mai ba da hadda kafin ta gudu. Bai yarda ba. Ya goge hannu ya sa katin a kwamfuta. Ashe kowane hoto yana ɗauke da sunan kyamarar da ta ɗauke shi har da rana, ni ban sani ba. Ga kurciya, ga 'yan uwanta kusan arba'in gaba da baya, a ɗaya ma ƙafar tsaninsa ta fito. Ya tuna wani ofis ne ya je ɗaura wa esi shekara uku da suka wuce. Kuma da mafi tsufa cikin ukun ya ɗauka, wadda murfin batirinta yake ɗaure da salatif.

Ya ƙura wa kwamfutar ido. Na sunkuyar da kai ina jiran rabona. Da ya juyo sai na ga fuskarsa a washe.

"Auta, da tsohuwar nan na yi wannan. To ina ga na riƙe sabuwa?"

Inna, ashe fetur na ƙara wa wutar.

Dabara ta ƙare, na wuce kemis in roƙi Dokta ya ara masa sabuwar kwana biyu ko ƙishin ya ragu. Dole na ba shi labarin tun daga farko. Na zaci zai kore ni. Sai ya bar mai sayen maganin tari a tsaye ya jawo ni gefe. Ashe shi ma mako uku ke nan yana fita da sassafe yana bin kurciyoyin unguwa da sabuwar kyamararsa, har wani mai gida ya zaci ɓarawon esi ne, kuma bai samu ko mai kama da waccan ba. Ya tambaye ni wace ce a cikin ukun. Na ce mai salatif. Ya yi ta gyaɗa kai, ya ce da ma ya sha karantawa cewa na da suna da wani launi da na yanzu suka rasa.

Alhamis da safe dillali da mai saye suna zagaya mota suna ƙwanƙwasa taya, sai ga Dokta, Hedimasta a bayansa. Ko kallon motar ba su yi ba. Dokta ya ce a fito masa da mai salatif. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya shinshina, ya ce a sayar masa. Injiniya ya yi dariya, ya zaci zolaya ce. Dokta ya ce zai haɗa da dogon gilashinsa. Hedimasta ya sa baki, wai in sayarwa za a yi shi ya fi cancanta, shi ya fara ganin idon tsuntsuwar. Har suka soma ɗaga wa juna murya. Ƙarshe Dokta ya zare sabuwar daga wuyansa ya ɗora a kan tebur, ya ce su yi musaya na wata uku, in ya so daga baya a yi magana.

Ina tsaye ina kallon surukinki. Abin da ya hana shi cin abinci ga shi a gabansa, ba tare da ya rabu da ko madubin motarsa ba. Ya ɗauka, ya kai ido, ya ɗauki bango sau biyu. Amma hankalinsa yana kan yatsun Dokta da ke shafa tsohuwar. Ya ajiye sabuwar a hankali ya miƙa hannu.

"Dokta, ba ni abata. Za ka ɓare mata salatif."

Ya rataye ta a wuya ya fita wajen dillali, ya ba su haƙuri ya ce ya fasa. Dillalin ya yi faɗansa har ya gaji, ya ja mai saye suka tafi. Da la'asar masu ƙanƙara suka kira, na bar kujerata na bi shi muka ɗora firij biyu a baya. Sai da muka tsaya a danja ya kama kunnena ya murɗa har na ga taurari, da aka ba mu hannu ya saki ya ci gaba da tuƙi. Hukuncina ke nan a wajensa. Yaya kuwa na gaya mata da bakina. Ta saurara har ƙarshe, ta ce daga yau ni ne mai wanke motar duk safiya har ranar da zan yi aure.

Ciwon dai bai warke ba, ɗaki ya canza. Jiya na ji shi a waya yana tambayar wani mai kayan gwanjo ko yana da wadda ta girmi tasa da shekara biyar. Yaya ta kira ni kicin ta tambaye ni ko irin waɗannan suna da tsada. Na ce tayar motar ɗaya ta fi su. Ta ce to a bar shi.

Ki gaida Baba, ki ce masa kunnen ya fara saɓewa. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke.

Ɗanki,
Auta